Kaset ɗin Haɗin Abincin Kaji

Yaran da ke zama a bencin ƙofar shagona da yamma, kowa da kwamfutarsa a cinya, su suka ja bakina ba da niyyata ba. Jikan yayana ne ke kwaso su, saboda inuwar dalbejiya da soket ɗin da suke cajin kayansu ba tare da sun ba ni ko sisi ba. Rannan gardama ta kaure musu a kan manhaja. Ɗaya ya ce duk wanda ya rubuta manhaja ya bar ta a buɗe, kowa ya ɗauka ya gyara kyauta. Ɗaya ya ce wannan wauta ce, a kulle a sayar. Na ukun, wanda ya fi kowa baki, ya ce ai duk ba abin wahala ba ne, abin da kake so wani ya riga ya rubuta, saukewa kawai za ka yi. Shi ne ya ɓata min rai. Na ce su rufe kwamfutocin su saurara, don gardamar nan an yi ta a Funtua tun iyayensu ba su san hanyar makaranta ba, kuma na ga inda ta kai mutum.

Aikin farko da aka amince na taɓa da hannuna rediyon wani mai awon auduga ce daga Dandume, wadda batir ya zube a cikinta ya cinye wayoyi. Lokacin ba a daɗe da canja kuɗi daga fam zuwa naira ba. Mahaifina ya kai ni koyon gyaran rediyo wurin Oga Bayo, Bayarabe haifaffen Funtua, Kirista, wanda idan yana magana a bayan labule za ka rantse Bakatsine ne. Na yi watanni ba abin da nake sai shara da ware ƙananan kusoshi a gwangwanin madara. Ranar da ya miƙo min rediyon nan, ya sa na kwance murfin baya, ya nuna min wata takarda da aka liƙa a ciki, taswirar duk hanyoyin da wuta ke bi. Ya ce wanda ya ƙera ta ya san za ta lalace a garin da ba ya nan, shi ya sa ya bar mana hanya. Na wanke cikinta da tsohon buroshin haƙori, na bi taswirar da mita mai allura, na ɗora ƙarfen narka dalma a kan risho don babu wuta a ranar. Na ƙone yatsa, na ƙone gefen rediyon, na sha ranƙwashi. Amma ta yi magana, mai ita kuma ya biya har ya ƙara da rake.

Haka muka yi shekaru, daga rediyo zuwa rakoda, daga rakoda zuwa talabijin, har na yi aure ina ƙarƙashinsa. Ba wai ban isa buɗe nawa shagon ba. Kawai Oga Bayo mutum ne da ba ya ɓoye wa kowa sani, kuma kullum akwai sabon abu a teburinsa. Masu gyara na kasuwa kan zo su tambaye shi abin da ya gagare su, ya faɗa musu, su je su karɓi kuɗin. Idan na yi ƙorafi sai ya ce ai rediyon ba ta ƙare a duniya ba.

Kwamfuta ta shigo shagonmu ne a cikin kwalin da ƙanen Oga ya aiko daga Ingila, a farkon shekarun tamanin. Kada ku ɗauka irin taku ce. Wani ɗan allo ne mai maɓallai, bai kai faifan tankaɗe ba, ba shi da fuska sai an jona shi da talabijin, kuma ba ya riƙe komai a kai. Da an ɗauke wuta ya manta duk abin da ka koya masa. A lokacin ba mu san kalmar manhaja ba, firogiram muke cewa, kuma a kaset ake ajiye shi, irin kaset ɗin waƙa da ake sayarwa a tasha. Idan ka sa shi a rakoda ba ka jin magana ba ka jin kiɗa, sai wata ƙara mai tsinin gaske kamar gyare ya shiga kunne. Wannan ƙarar ita ce aikin. Nawa rabon shi ne kula da rakodar: in goge kanta da auduga da sifirit, in sa ɗan siririn sukundireba in riƙa juya kusar kan a hankali ina saurare, har ƙarar ta fito tas. Idan na kuskure kaɗan, sai a gama jira kwamfuta ta ce ba ta gane ba, a koma farko. Shi ya sa idan yaro ya ce min saukewa kawai za ka yi, nake jin kamar in ja kunnensa.

Da farko wasa Oga ke yi da ita. Hajiya Kulu ce ta mayar da abin sana'a. Mai kiwon kajin ƙwai ce a Bakori, ta kawo gyaran talabijin, tana zaune tana mitar tsadar buhun abincin kaji na kamfani. Ta ce ta gwada haɗawa da kanta, masara da dusa da tunkuzar gyaɗa da garin kifi, amma in ta yi arha kaji su daina ƙwai, in kaji suka yi ƙwai ita ta faɗi. Oga ya juya ya kalli kwamfutarsa. Daga ranar ya shiga neman littattafan kiwo, yana rubutu a bayan kwalayen batir, yana bugawa, yana gogewa. Damina guda ta wuce yana wannan fama, gyaran shago duk ya dawo kaina. Abin da ya fito a ƙarshe shi ne firogiram da za ka faɗa masa farashin kowane kaya a kasuwar yau, ya yi ta nazari har ka shanye shayinka, sannan ya ce ga mudu nawa na wannan da na wancan za ka haɗa, kaji su ƙoshi a kuɗi mafi sauƙi. Duk ranar kasuwa Hajiya Kulu ta zo da farashi, ta koma da haɗi. Ladan Oga kiret ɗin ƙwai ne, wani lokaci ma da fasassu a ciki.

Labari ya kai Malumfashi, wurin Malam Isyaku, malamin noma a wata makarantar sakandare, wanda shi ma ya dawo daga karatu da irin wannan kwamfutar. Ya zo ya ga aikin, ya tambayi nawa za a sayar masa. Oga ya sa na kwafa masa a sabon kaset, ya ce ba ya son kuɗi, sharaɗi ɗaya ne: duk abin da ya gyara ko ya ƙara, ya ɗauka a bayan kaset ya aiko da shi. Haka aka yi da wani likitan dabbobi, da wani akawun kamfanin auduga, da wasu mutum biyu da suke da na'urar. Kaset ya riƙa yawo a cikin ambulan ta hannun Ɗanliti, direban da ke jigila tsakanin Funtua da Malumfashi. Oga ya karɓa, ya duba gyaran kowa, ya haɗa wuri ɗaya, ya sake rabawa.

Na ga amfanin wannan da idona. Akwai lokacin da tunkuza ta yi tsada, kwamfuta ta ce a cika angurya, wato ƙwayar auduga, tunda a Funtua kusan a banza take. Kwamfuta ba ta san komai ba sai arha. Bayan 'yan makonni Hajiya Kulu ta iso shago da kwano a rufe, ta fasa ƙwai a gaban Oga, gwaiduwar ta fito da wani launi kore-kore mai tayar da zuciya. Masu shayi sun dawo mata da kaya. Oga bai san dalili ba, littattafansa na Turawa ba su san angurya ba. Malam Isyaku ne ya san cewa in ta wuce ƙima haka take yi wa ƙwai. Ya sa mata iyaka a cikin firogiram ɗin, ya aiko. Da a kulle abin yake, da sai dai mu yi ta ba Hajiya haƙuri. Likitan dabbobi ya ƙara lissafin 'yan tsaki, akawu ya rage tsawon jiran. Cikin 'yan shekaru ya zama abin da mutum ɗaya ba zai iya yi ba, cike da sanin kayan ƙasarmu da ba a rubuta a ko'ina ba.

To ku masu cewa a bar komai a buɗe, gaskiyarku, amma rabi. Abin da muka yi gayya ce. Sai dai a gayya mai gona yana dafa tuwo, ya dama fura, kowa ya koma gida da cikinsa a cike. Mu tamu gayyar masu kaji ne suka kwashe amfanin, wasu har suka sayi motoci, mai haɗa aikin kuwa yana karɓar ƙwai. Na sha gaya wa Oga ya sa ko da ɗan wani abu ne a kan kowane haɗi. Ya ce kunya yake ji, mutanen da suka saba zuwa kyauta ta yaya zai buɗe baki. Ba wanda ya cuce shi. Kawai ba wanda ya tsaya ya tambayi me mutumin nan ke ci.

Sai muguwar shekara ta zo, wadda darajar naira ta faɗi warwas. Kayan gyara da muke saye a Kano suka ninka suka sake ninkawa, wasu ma babu su ko da kuɗinka. Mutane suka daina karɓar rediyonsu bayan an gyara, shago ya cika da kayan da ba namu ba kuma ba kuɗi. Kuɗin haya ya taru, 'ya'yan Oga suna sakandare. Ana cikin haka wata rana da hantsi aka dawo da wuta da ƙarfi, muka ji ƙauri, kwamfuta ta tafi. Na buɗe ta na ga abin da ya ƙone, ɗan baƙin abu ne da ba a samunsa a ƙasar nan. Ƙanen Oga ya rubuto cewa shi ma yana fama. Ya zama sai Hajiya Kulu ta ba Ɗanliti farashi ya kai Malumfashi, Malam Isyaku ya buga mata.

A lokacin ne wani mutum ya zo daga wani kamfanin abincin kaji na kudu mai ofis a Kaduna. Sayen masara ya kawo su yankinmu, ya lura ƙananan masu kiwo ba sa sayen buhunsu amma kajinsu na ƙwai, ya bi sawu har shagonmu. Ya yi tayin kuɗin da zai biya haya, ya sayi sabuwar kwamfuta babba, har a sami canji. Sharaɗinsa shi ne firogiram ya zama nasu su kaɗai. A tattaro duk kaset ɗin da ke hannun mutane a goge, a ƙone rubuce-rubucen, a bar guda ɗaya tak a kai ofishinsu, Oga kuma ya yi rantsuwa a kotu cewa babu saura ko a wurinsa. Ya ajiye kafin alƙalami a kan tebur ya tafi.

Oga ya yi kwanaki ba ya cin abincin kirki. Ban ga laifinsa ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba. Mutumin da mai gida ke barazanar watsa wa kaya waje ba a yi masa wa'azin kyauta. Ya karɓa, ya biya haya da kuɗin makaranta, sannan ya ce in ɗauko babur mu je karɓo kaset.

Malumfashi muka fara zuwa, don can ne ya fi nauyi. Malam Isyaku ya shimfiɗa mana tabarma, aka kawo ruwa, aka gaisa. Oga ya yi bayani kansa a ƙasa. Malam ya saurara har ƙarshe.

"Oga Bayo, abin naka ne, kai ka fara shi," in ji shi. "Amma akwai gumina a ciki, da na likita. Shi ma an saya?"

"An saya, Malam. In an biya zan ba kowa rabonsa."

"Ba rabo nake tambaya ba. Hajiya Kulu fa, wa zai buga mata?"

Malam Isyaku ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da kaset ɗinsa duka, sabo da tsoho, har da takardun da ya rubuta gwaje-gwajensa na angurya. Ya ce tunda rantsuwa za a yi, ba zai bar abin da zai sa mutum ya rantse a kan ƙarya ba. Sauran ma haka suka yi, wani da fara'a, wani fuska a murtuke. Muka dawo da buhun leda cike. Oga ya zaɓi kaset ɗin da ya fi cika, muka gwada shi a kwamfutar akawu ya tashi lafiya, muka ɓalle 'yan haƙoransa don kada a iya ɗaukar wani abu a kansa. Sauran na bi su ɗaya bayan ɗaya na goge da maganaɗisun tsohuwar sifika. Takardu da kwalayen batir muka ƙone a bayan shago. Washegari Oga ya dafa Littafi Mai Tsarki a kotu.

Za ku ce me ya hana shi kai kaset ɗin Kaduna da kansa. Ku ba ku san zamanin ba. A lokacin komai ta hannun direba yake tafiya, kuɗin aure, maganin asibiti, har yaro ƙarami a kan damƙa wa direba a ce a sauke shi a gari kaza. Shekarun da muka yi muna aika kaset ko ɗaya bai taɓa ɓata ba. Oga ya ba Ɗanliti, shi kuwa Ɗanliti ba ya bin hanyar Kaduna, sai ya damƙa wa wani abokinsa amintacce. Abin da bai gaya masa ba shi ne irin kaset ɗin.

A zamanin mutane kan ɗauki gaisuwa da saƙo da bakinsu a kaset su aika wa 'yan'uwa. Direban nan ya ajiye ambulan a gaban mota, rana ta buga shi tun daga Funtua. Da ya tsaya a Zariya ya taɓa ya ji zafi, ya sa a rakodar mota don ya tabbatar saƙon mutane bai lalace ba. Sai ya ji ƙarar nan. Ya juya bayan kaset ɗin, ita ce dai. Ya tabbata rana ta narka maganar, kuma laifinsa ne. Kunya ta hana shi kai wa babban ofis abin da ya lalace a hannunsa. Ya je wurin mai kaset a tasha, wanda ya saurara ya ce wannan ai ya mutu, amma zaren da sauransa. Mai kaset ya cusa takarda a ramin haƙoran da muka ɓalle, ya cika masa gaba da baya da kiɗan kalangu, don ko ba komai mai karɓa ya sami abin saurare. Da kuɗin aljihunsa direban ya biya. Har Oga ya mutu ban ji ya zagi direban nan ba, ni ne dai na zage shi.

Bayan mako guda mutumin kamfani ya dawo da kaset ɗin da kansa, ya jefa a kan tebur. Na sa a rakoda, kalangu ya cika shago. Ya ce ko dai a kawo firogiram ko a dawo da kafin alƙalami, in ba haka ba kotun da aka yi rantsuwa tana nan. Kuɗi kuwa an riga an kashe. Sake rubutawa ba zance ba ne: ba kwamfuta, ba takardu, kuma aikin mutum shida na shekaru ba ya zama a kan mutum ɗaya.

Ku masu cewa a kulle a sayar, ga naku rabin. Muddin abin nan yana hannun mutane da yawa, wuta ta ƙone, rana ta narka, ɓera ya ci, bai mutu ba. Ranar da ya zama na mutum ɗaya, tafiyar Funtua zuwa Zariya ta ishe shi. Kamfani bai samu ba, masu kaji sun rasa, Hajiya Kulu ta koma sayen buhu har ta gaji ta sayar da kajin. Wannan abin har yau yana ci min rai, kuma ban san amsar gardamarku ba. Na dai san kafin ku ɗauki aikin wani kyauta ya kamata ku tambaya ko ya ci abinci, kafin ku kulle naku kuma ku tuna ba ku fi ƙarfin tsautsayi ba.

Abin da ya rage wa Oga shi ne fata ɗaya. Ya ce in sake ɗauko babur. Muka bi mutanen nan gida-gida, yana tambayar kowa ko ya manta da wani kaset a aljihun tebur, ko ya kwafa wa wani aboki, ko ma ya ɓoye da gangan, ba zai ji haushi ba. Ban taɓa ganin mutum yana addu'ar a ce an ha'ince shi ba sai a wannan tafiya. Likita ya ce babu. Akawu ya zazzage durowarsa a gabanmu. Malumfashi muka bari ƙarshe, don a can Oga ya fi sa rai, ganin yadda Malam Isyaku ya ji zafin rabuwa da aikin.

"Malam, don Allah ka gaya min gaskiya," in ji Oga. "Ko guda ɗaya ba ka rage ba? Ko na ɗalibai?"

Malam Isyaku ya girgiza kai.

"Wallahi na yi niyya, Oga Bayo. Har na ware ɗaya na sa a ƙarƙashin katifa. Da na tuna za ka dafa littafinku, sai na ɗauko na haɗa maka."

Oga ya gyaɗa kai, ya ce ya gode. Muka yi sallama. A hanyar dawowa, da muka wuce Bakori, sai ya taɓa kafaɗata ya ce in mun isa in fara neman wanda zai sayi mita da teburin aiki. Kafin kaka ya sayar da komai ya biya kamfani, ya kwashe iyalinsa zuwa garin iyayensa a kudu, inda bai taɓa zama ba, yana da shekara hamsin da wani abu.